Darasin Shaihu Umar: Launin Fata, Gata Da Neman Abinci A Ƙasar Wani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci 'yan Adam daga turɓaya guda, Ya bambanta harsunansu da launukansu domin masu hankali su yi tunani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, a makon jiya mun yi alkawarin ci gaba da bayani kan hukuncin bashi da jingina. To, sai ga wata wasiƙa ta iso mana daga wani Alhaji, ɗan kasuwar shinkafa a Birnin Kebbi, wadda muka ga bai kamata mu bar ta ta kwana ba, domin kuwa abin da ke cikinta ya shafi gidaje masu yawa a ƙasar nan tamu ta Kabi.

Alhaji ya ce ya zo nan Argungu bikin ƙarshen shekara na makarantar da ɗansa yake karatu, ya ga ɗalibai sun yi wasan kwaikwayon Shaihu Umar, ya tashi zuciyarsa ba daɗi. Tambayarsa ta farko ita ce: Allah gafarta Malam, shin ya halatta Musulmi ya zauna kallon wasan kwaikwayo, balle wanda ake nuna Larabawa, dangin Manzon Allah (S.A.W.), suna fataucin bayi? Ta biyu kuwa ta fi nauyi. Yana da ƙanwa, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Wani dillali ya ce zai kai ta aikatau wata ƙasar Larabawa, shi zai biya kuɗin fasfo da biza da jirgi, ita kuma ta riƙa biyansa daga albashinta har bashi ya ƙare. Ita ta yarda, Alhaji kuwa tun daren da ya ga wasan nan barci ya gagare shi.

Allah da ikonSa, mu ma muna cikin waɗanda aka gayyata wannan biki, mun kuwa ga abin da Alhaji ya gani. Saboda haka za mu amsa tambayoyin nan biyu a tare, gama a ganinmu tushensu ɗaya ne.

HUKUNCIN WASAN KWAIKWAYO

Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kan wasan kwaikwayo. Waɗansu sun hana shi, suna cewa ƙarya ce mutum ya tsaya ya ce shi ne wane alhali ba shi ba ne. Waɗansu kuwa sun halatta shi, suna cewa ƙarya ita ce wadda ake nufin ruɗin mai saurare da ita, shi kuwa ɗan kallo ya san yaron da ya ɗaura gemun auduga ba tsoho ba ne. A wurinsu wasan kwaikwayo buga misali ne, buga misali kuwa hanya ce ta karantarwa wadda Alƙur'ani da Hadisi suka cika da ita. Mu ga wannan ra'ayi na biyu muka karkata, bisa sharaɗin kada a kwaikwayi Annabawa, kada a yi izgili da addini, kada a yi batsa ko tsiraici, kada kuma ya shagaltar da mutane ga barin salla. Wasan da muka gani bai saɓa wa ko ɗaya daga waɗannan ba. An ma dakata aka yi sallar La'asar, sa'an nan aka ƙarasa.

ASALIN WASAN

Ya kamata mai karatu ya san inda wasan nan ya fito. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Daga cikin waɗanda suka shiga akwai wani malamin makaranta na Bauchi, watau Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, Allah Ya jiƙansa. An buga littafinsa, Shaihu Umar, a 1934. Mervyn Hiskett ya fassara shi da Turanci a 1967. Sa'an nan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo na dandali, aka buga shi a 1975. Shi wannan Lyndersay mutumin Tirinidad ne, tsibirin da jama'arsa da yawa jikokin bayin da aka kwashe ne daga Afirka ta hanyar teku. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da labarin fim, fim ɗin ya daɗe ba a jin ɗuriyarsa, sai da aka gyara shi aka sake nuna shi a Berlin ta Jamus a 2018.

Labarin kuwa a taƙaice shi ne: wani babban malami a Rauta, kusa da Bauchi, yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, 'yan hassada suka ƙulla wa Makau sharri aka kore shi daga gari. Cikin wannan rikici aka sace Umar yana ƙaramin yaro, ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi zuwa Ber Kufa ta ƙasar Masar. Ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu, har ya zama malamin da ake ji da shi. Mahaifiyarsa kuwa ta fita nemansa, aka kama ta aka sayar, aka kai ta ƙasar da a yau ake kira Libiya, ta sha ɗauri da wulaƙanci. Bayan shekaru masu yawa Allah Ya sada su, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika. A hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarin Abdulkarim, Umar ya tsira ya iso ƙasar Hausa.

SAHARA ƊAYA, RABO BIYU

To, ya ɗan'uwa mai karatu, tsaya ka dubi mutanen nan biyu. Uwa da ɗa ne, jininsu ɗaya, launinsu ɗaya, addininsu ɗaya, kuma Saharar nan guda suka ƙetare. Ɗaya ya sauka aka shimfiɗa masa buzu, ɗaya ta sauka aka sa mata mari. Ba ilmi ne ya raba su a farko ba, domin sa'ad da aka ɗauki Umar ko baƙi bai sani ba. Abin da ya raba su shi ne gata. Shi ya sami majiɓinci, ita ba ta samu ba.

Gata kuwa ni'ima ce wadda mutum bai yi gumi ya same ta ba. Aibinta guda ne, watau mai ita ba ya cika ganinta, kamar yadda ido ba ya ganin kansa. Mun lura a ranar nan, duk sa'ad da yaron da ya fito a Abdulkarim ya shafa kan Umar, sai jama'a su yi tafi. Amma a bayansa akwai waɗansu yara da aka ɗaure da igiyar kaba suna tafe kai sunkuye, su ne bayin ayarinsa, ba mu ga wanda ya waiwaye su ba. Kirkin Abdulkarim ga Umar gaskiya ne, fataucinsa na 'ya'yan mutane shi ma gaskiya ne, kuma a zuciya guda suka zauna. Marubucin bai tsaya yana la'antar kowa ba, ya dai ajiye abu biyun nan gefe da gefe, ya bar mai hankali ya auna.

Ba za mu wanke kanmu daga wannan ba. Sa'ad da muke ɗalibta a wata ƙasar Larabawa, mun ga karamci wanda har gobe muke yi wa masu shi addu'a. Akwai malaminmu da yake kai mu gidansa buɗa-baki, ya zaunar da mu sama da 'ya'yansa. A garin nan kuma wata rana a kasuwa wani yaro ya kira mu da kalmar da suke kiran bawa da ita, manya na wurin suna dariya. Mun ji zafin wannan kwana da kwanaki. Amma abin da ya fi damunmu a yau wani ne dabam. Sau da yawa mukan wuce mata 'yan ƙasarmu suna talla a bakin hanya, 'yan sanda su taso, su kwashi kaya su ruga da goyo a baya. Mu kuwa da yake muna da takardar zama a aljihu da kuɗin tallafin karatu duk wata, sai mu kau da kai, mu ƙi yin Hausa, don kada a haɗa mu da su. Mu ne Umar, su ne mahaifiyarsa, ba mu kuwa tsaya mun tambayi ko sunan garinsu ba. Allah Ya yafe mana.

SHIN CIN MUTUNCIN LARABAWA NE?

Alhaji, wasan nan bai ci mutuncin Larabawa ba. Da farko dai, ka tuna waɗanda suka sace Umar, da waɗanda suka kama mahaifiyarsa suka sayar, duk mutanenmu ne. Balarabe ya zo ya tarar da kasuwa tana ci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na biyu, son Manzon Allah (S.A.W.) shi ne bin abin da ya zo da shi. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta bayyana cewa an sanya mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila ne domin su san juna, kuma fifiko a wurin Allah da taƙawa yake. Aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji, wanda kuwa ya raina launin wani, aikin Mahalicci ya raina. A huɗubar da ya yi lokacin Hajjin Ban-kwana, Manzon Allah (S.A.W.) ya kore fifikon Balarabe a kan wanda ba Balarabe ba, da na ja a kan baƙi, in ba da taƙawa ba. Buhari ya ruwaito cewa Abu Zarri (R.A.) ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya tsawata masa, ya sanar da shi cewa akwai sauran halin jahiliyya tare da shi. Masu wa'azi sukan ce mutumin Bilal ne, amma ruwayar Buhari ba ta ambaci sunansa ba. In har an faɗa wa sahabi irin Abu Zarri haka, wane ne a yau ya fi ƙarfin a yi masa gyara?

Tarihin Musulunci kuma ya nuna fuska biyun nan tun da daɗewa. Aɗa'u ɗan Abi Rabah baƙin mutum ne, kuma shi ne mai ba da fatawa a Makka a zamaninsa. Muhammadu al-Kashnawi, mutumin Katsina, ya zauna a Alƙahira ana girmama shi saboda ilminsa har ya rasu can a 1741. Shaihu Umar Fallata ya shekara da shekaru yana karantar da Hadisi a Masallacin Annabi a Madina. Amma da babu masu raina baƙar fata, da Ibnul Jauzi da Suyuɗi ba su wahalar da alƙalumansu wajen wallafa littattafai kan falalar mutanen Sudan da Habasha ba.

Wanda ya fi cancanta mu tuna a nan shi ne Ahmadu Baba na Tambutu. Bayan rundunar Maroko ta rushe daular Songhai a 1591, an kama shi aka kai shi Marrakish a 1594, bai komo gida ba sai 1608. Ya san ɗacin a kore mutum ta Sahara. Mutanen Tuwat sun aiko masa da tambaya game da bayin da ake kawo musu daga ƙasashen baƙar fata, ya amsa musu a 1615 a littafinsa Mi'irajus Su'ud. Ya nuna cewa launi ba ya halatta bautar da kowa, ya raunana labarin da ake yaɗawa cewa wai baƙaƙe zuriyar Hamu ce da aka la'anta, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi waɗanda mutanensu 'ya'ya ne. Bisa wannan fatawa, sayar da mahaifiyar Umar haramun ne tun a wancan zamani. A yau kuwa an rufe ƙofar bauta ɗungurungum da alkawuran da ƙasashen Musulmi suka sa wa hannu, ita kanta Sa'udiyya ta soke bauta a 1962.

TSOHUWAR HANYA, SABABBIN AYARI

Da labarin nan ya tsaya a zamanin raƙuma, da sai mu ce tarihi ne. Amma hanyar da ta bi ta Agadas ta shiga Fazzan, yankin da Murzuk take, ba ta mutu ba, motoci ne kawai suka maye gurbin raƙuma. A watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya hoton yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, ana sallama mutum a kan dala 400, har gwamnatin Nijeriya ta shiga kwaso 'yan ƙasarta da jiragen sama. Wannan ya faru shekara 83 bayan an buga Shaihu Umar.

Ta ɓangaren gabas kuwa akwai tsarin da ake kira kafala, inda zaman ma'aikaci baƙo yake rataye a wuyan wanda ya ɗauko shi. Kalmar kafala a asalinta kyakkyawa ce, da ita ake kiran riƙon maraya. Amma inda ma'aikaci ba shi da ikon sauya aiki ko komawa gida sai da yardar uban gidansa, to ƙofar zalunci a buɗe take. A watan Maris na 2021 Sa'udiyya ta sassauta waɗansu ƙa'idojin wannan tsari ga ma'aikatan kamfanoni, amma sassaucin nan bai haɗa da masu aikin gida ba. Masu aikin gida kuwa su ne suka fi kowa rauni, domin suna bayan ƙofa, ba mai ganinsu.

Kada a fahimce mu cewa muna hana fita neman abinci. Suratul Muzzammil ta ambaci masu tafiya cikin ƙasa neman falalar Allah tare da masu jihadi a aya guda. Mu Kabawa kuwa ba baƙin tafiya ba ne. Sarkawanmu sun bi Kwara da jiragensu da tarunansu har ƙasashe masu nisa. Fatakenmu sun bi ta Jega zuwa Gwanja sayen goro. Maniyyata masu tafiyar ƙasa sun yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira a Sudan don su sami guzurin ƙarasawa Makka, waɗansu ma can suka zauna. Annabi Musa (A.S.) kansa ya yi aikin lada a ƙasar Madyana yana baƙo. Amma a duba Suratul Ƙasas a ga yadda aka ƙulla wannan aiki: an faɗi lada, an faɗi wa'adi, shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne, kuma mai ɗaukar aikin ya yi alkawarin ba zai tsananta masa ba.

AMSAR TAMBAYA TA BIYU

Da wannan ma'auni za mu auna maganar dillalin nan. A mazhabarmu ta Malikiyya, ijara ba ta inganta sai an san aikin, an san ladan, an san wa'adin. Alhaji, shin ƙanwarka ta san gidan da za a kai ta? Ta san mutum nawa za ta yi wa hidima, awa nawa a rana, da albashi nawa? Ta san adadin bashin da ranar da zai ƙare? In amsar ita ce sai an je can a gani, to wannan shi ne gararin da shari'a ta hana.

Sa'an nan Ibnu Abi Zaidin ya bayyana a cikin Risala cewa rancen da yake jawo wa mai shi amfani bai halatta ba, haka kuma haɗa rance da ciniki ko da ijara a ƙulli guda. Hikimar wannan a fili take. Wanda ake bi bashi ba ya iya cewa a'a. In an rage masa albashi zai yi shiru, in an ƙara masa aiki zai yi shiru, bashin ya zama igiyar kaba irin ta yaran nan na dandali. In kuma aka karɓe fasfo, abin da dokokin ƙasashen da kansu suka hana, to an ɗaure igiyar tamau. Ga kuma maganar mace ta zauna ita kaɗai a gidan da ba ta da muharrami, ba ta jin harshensu. In ma da bizar Umra za a shigar da ita don ta ɓuya ta yi aiki, watau ta zama 'yar takari, to an ƙara da yaudara da saɓa alkawari, kuma duk wanda ya cuce ta ya san ba ta da bakin kai ƙara.

Saboda haka, a kan wannan siffa da ka bayyana, ba mu ga halaccin tafiyar nan ba, kuma ba mu ba ka shawarar ka sa hannu ba. Dillalai kuwa muna tunatar da su hadisin ƙudusi da Buhari ya ruwaito, inda aka ambaci mutum uku waɗanda Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama. Biyu daga cikinsu su ne wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya gama morarsa ya hana shi ladansa. Duk wanda ya san mai irin wannan sana'a, akwai hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, wadda aka kafa tun 2003.

Amma fa, Alhaji, hani kaɗai ba ya cika tukunya. Ƙanwarka ba yawon buɗe ido za ta ba, yunwar marayu ce ta kore ta. Kai ne gatanta. Allah Ya hore maka shinkafa a rumbu, ka yanka mata jari ta kama sana'ar gyaran shinkafa kamar sauran matan garin nan, ka ɗauki nauyin karatun yaran. In ka hana ta tafiya ka kuma hana ta abin hannunka, to wani dillalin zai zo da dare, wannan karon ba za a yi shawara da kai ba.

MU DUBI GIDANMU

Laifi tudu ne, ka hau naka ka hango na wani. Kafin mu yi kukan abin da ake yi wa namu a waje, mu tambayi kanmu yadda muke yi wa baƙonmu.

A 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta kori baƙi, Hausawan zango da yawa suka baro dukiyarsu suka dawo hannu rabbana, muka yi Allah wadai. A watan Janairu na 1983 mu ma muka kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu mutanen Ghana, muka yi musu wa'adin 'yan makonni. Wanda aka yi wa jiya shi ya yi wa wani yau.

A nan Argungu muna da bikin kamun kifi wanda aka faro a 1934, shekarar da aka buga Shaihu Umar, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka binne gabar da ta daɗe tsakanin Kabi da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin tattali a 2016. Karrama baƙo a wannan biki wajibi ne, ba mu ƙi ba. Amma sau nawa muka ga an ja Bature, ko wane ne shi, an kai shi inuwar rumfa ba tare da an tambaye shi takardar gayyata ba, alhali dattijon masunci da ya zo daga Nijar da gorarsa da homarsa, wanda shi ne zai faɗa Matan Fada, ana kora shi da sanda? In farar fata ya zo aiki ƙasarmu sai mu ce ƙwararre, in namu ya je tasu sai a ce baƙon haure, mu ma kuma mun karɓi wannan rabo mun haddace. Ma'aikatan gwamnati sun fi mu sanin yadda akan ba baƙon injiniya gida da mota da albashin da ya ninka na ɗan ƙasa, alhali wani lokaci aji guda suka zauna a jami'a.

Sai kuma cikin gidajenmu. Buzun da ke gadin shagonka, Alhaji mai karatu, yaushe rabon da ka biya shi a kan kari? Yarinyar da aka kawo wa uwargida daga ƙauye ko daga ƙetaren iyaka, tana zuwa makaranta tare da 'ya'yanka, ko kuwa ita ce mai ɗaukar musu jaka? A hadisin Abu Zarri ɗin nan da muka ambata, an umurci mai gida ya ciyar da na ƙarƙashinsa daga abin da yake ci, ya tufatar da shi daga abin da yake sawa, kada ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Haka nan in an zo neman aure, har yau akwai gidajen da ake tona asalin kakan kaka, a ce wai su wane jinin bayi ne. Alhali Imamu Malik bai sa nasaba cikin sharaɗin dacewar ma'aurata ba, addini da lafiya daga aibobi ya duba. Tarihi ma ya nuna cewa Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu ne wajen 1516, bayan yaƙin Agadas, saboda an hana shi rabonsa na ganima. Jikokin wanda ya ƙi yarda a ci guminsa, bai kamace su su ci gumin wani ba.

Muna kira ga ma'aikatanmu, musamman waɗanda Allah Ya ɗora a kan sha'anin fasfo da aikin Hajji da ofisoshin jakadanci, su sani kujerar nan gata ce, gata kuwa amana ce. Takardar da aka sa wa hannu ba bincike tana iya zama sanadin ɓatan 'yar wani. Wanda kuma aka tura aiki waje, in ɗan ƙasarsa ya zo masa a wulaƙance, kada ya yi irin abin da muka yi muna ɗalibai. 'Yan kasuwa masu zuwa Dubai da Jidda da Alƙahira, ku riƙa tambayar halin da namu suke ciki, kuɗin jirgin mutum guda bai kai ribar tafiya guda ba ga waɗansunku.

Daga ƙarshe muna yaba wa malaman makarantar nan da ɗalibansu, muna kuma roƙon in za a sake wasan, a gayyaci iyaye mata su ma su gani. Alhaji kuma muna jiran wasiƙarka ta biyu, mu ji abin da ka yi wa ƙanwarka da marayunta.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya, Ya kiyashe mu cin haƙƙin wani. In Allah Ya kai mu mako mai zuwa za mu koma kan bashi da jingina. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.